Ranar da Akoko Ta Fita Shan Iska

Duk wanda ya taɓa cin wake da manja a ƙofar tashar jiragen ruwa ta Lome ya san Da Akwele (a wurinmu "Da" laƙabin girmama mace ne), in kuwa ya san ta, ya san ba ta da ra'ayin kanta. Duk ra'ayin na Akoko ne. In ka miƙa kwano a ƙara maka manja sai ta ce, "Akoko ta ce ya ishe ka haka, dubi tumbinka." In ka zo mata da surutun siyasa da sanyin safiya sai ta ce Akoko ba ta son hayaniya. Masu dako da direbobin tirela sun saba, har in za su tashi sukan ce a gaida Da Akoko, ita kuma ta ce tana amsawa.

Akoko ba ta wuce tsawon tafin hannu ba. Da icce aka sassaƙa ta, kuma wanka da shafa mai na shekara da shekaru sun cinye mata hanci da baki, fuskar ta zama sumul. Tagwaye ne ita da Akwele. Akwele ce ta fara faɗowa duniya, saboda haka ita ce ƙarama, tunda ko yaro ya san babba ce ke aiko ƙarama ta duba mata hanya. Suna 'yan shekara shida, a wata damina mai yawan zazzaɓi, Akoko ta tafi daji itace. Haka muke faɗa, don ɗan tagwaye ba a ce masa wancan abin. Uwarsu ta kai wa masassaƙi aiki aka kawo wannan, aka ci gaba da yi mata wanka tare da 'yar'uwarta, ana ɗinka musu kaya iri ɗaya, in an saya wa ɗaya alewa a saya wa ɗayar. Da uwar ta kwanta dama sai hidimar ta dawo hannun Akwele, ta riƙa yawo da yayarta a ƙugu, cikin naɗin zane.

Aure ne ya katse wannan. Mijin ba mugu ba ne, bai taɓa ɗaga mata hannu ba, amma ya ce shi ba zai yi baƙi su tarar da icce zaune a ɗakinsa da ɗankwali ba. Ya sa aka saka Akoko a adaka, aka tura ƙarƙashin gado. Shekara ashirin da wani abu Akwele tana jiran ya fita ta jawo adakar, ta yi wa yayarta wanka a gurguje kamar mai sata, ta dangwala mata wake a baki, ta mayar. Ranar da ta fita takaba ba ta je gaida kowa ba sai da ta fito da Akoko tsakar gida, ta zaunar da ita a hantsi, ta yi mata alkawarin an gama da duhu. Adakar kuwa ta bai wa maƙwabciya tana zuba gawayi.

To, sai ga Fo Senyo ("Fo" kuma laƙabin girmama namiji ne). Ya yi ritaya daga ƙananan jiragen nan masu jawo manya su shigo da su tasha, inda ƙarar inji ta tafi masa da kunne guda, shi ya sa in yana yi maka raɗa sai na tsallaken titi ya amsa. Matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse, shi kuma dattijon coci ne, a hannunsa makulli yake. Mutum ne mai farar riga da guga da malafa, irin waɗanda ke share benci da hankici kafin su zauna. Ba shi da sauran aiki a tasha, amma kullum yana ƙofarta, wai ya zo duba ko waɗanda ya bari suna kula da injina. Waken da ya ci a wurin Akwele ya isa a shuka gona. Daga baya dai ya gaji da kewaye-kewaye, ya fito fili ya ce yana so ya turo mutanensa da kwalbar neman aure su ƙwanƙwasa ƙofa.

"Akoko ta ce a dakata tukuna," in ji Akwele, tana juya ludayi.

Gaskiyar magana tana son sa. Tana son yadda yake cin abinci a natse, da yadda yake gode wa kowa har mai shara. Matsalar ɗaya ce. A duk zaryar da yake yi, kowa na gaida Akoko ban da shi. In aka ambace ta sai ya duƙufa kan kwano kamar ya hango tsakuwa. Wanda maciji ya sara kuwa, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Da ya gayyace ta shan iska ranar Lahadi a lambun nan na bakin teku, sai ta ce a ranta ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In zai iya zama da Akoko a bainar jama'a, to ya turo mutanensa. In ba zai iya ba, kowa ya kama gabansa tun ba a sha kwalbar mutane ba.

Ta yanki ƙyalle daga bakin sabon zanenta mai ruwan ganye, ta ɗinka wa Akoko riga da ɗankwali.

"Ki natsu fa yau, Yaya," ta ce mata tana ɗaura mata ɗan murjani. "Ban da tsiwa. Mutumin kirki ne."

Da la'asar ɗan acaba ya sauke su. Mu a Lome, in ka nemi mutum a gida ranar Lahadi ka rasa, kada ka wahalar da kanka, yana bakin teku. Lambun ya cika maƙil. Yara na rigima a kan lilo, masu suyar doya da kifi sun tada hayaƙi, wani yana jan ramammen doki ana hawa ana ɗaukar hoto, dokin da ko kaza ba za ta ba shi hanya ba. Iska na kaɗa ganyen kwakwa tana tuɓe wa mata ɗankwali. Can gabas injinan ɗaga kaya sun miƙa wuya sama, jirage kuma sun yi layi a kan ruwa suna jiran a kira su.

Fo Senyo ya riga ta zuwa. Ya kama benci a inuwa, ya zauna a tsakiya ya baza hannuwa don kada wani ya raba shi da shi. Da ya hango ta sai ya miƙe ya ɗaga malafa.

"Da Akwele! Yau kam kin ƙure adaka!"

Ba laifinsa ba ne, yabon kwalliya yake yi, amma ambaton adaka sai da ya sa gabanta ya faɗi. Na bencin gaba duk sun waiwayo.

"Fo, rage murya mana, ai ba cikin inji muke ba."

"Na'am?"

"Na ce kai ma ka sha guga."

Ya share mata wuri da hankici, ya yafito mai kwakwa. "Biyu! Masu ruwa da yawa!"

"Uku," in ji Akwele.

Mai kwakwa ya dubi benci, ya dubi ƙugunta, bai tambayi komai ba. Ya laluba cikin baro ya zaɓo 'yar ƙarama, ya sare mata kai da adda, ya miƙa da hannu biyu. "Sannunku da fitowa, 'yan biyu," ya ce, ya tura baronsa.

Akwele ta kwance bakin zane ta fito da Akoko. Ta shimfiɗa hankicinta a tsakaninsu, ta zaunar da ita, ta jingina ta da jaka, fuska ga teku. Sannan ta tsoma yatsa a ruwan kwakwa ta ɗiga mata a baki.

"Fo Senyo, ga yayata. Yaya, ga mutumin da yake cinye mana wake."

Fo Senyo ya yi tari. Ya dubi Akoko ta wutsiyar ido, ya dubi hagu, ya dubi dama, sannan ya ɗaga kwakwarsa ya nuna teku.

"Kin ga wancan jan jirgin? Shinkafa ce a ciki."

Ba ta matsa masa ba. Wanda bai tashi ya gudu ba ai bai ƙi ba tukuna. Ta bar shi da jiragensa, shi kuwa in aka zo maganar jirgi ba a kama ƙafarsa. Ya gaya mata wanda ya ɗauko siminti da wanda ya zo wofi, wai daga yadda ya nutse ake ganewa. Ya ce babban jirgi duk girmansa in ya iso bakin tasha makaho ne, sai ƙarami ya zo ya ja masa gora. Ya ba ta labarin wani matuƙi baƙo da ya ce shi ba ya bukatar kowa, aka zuba masa ido, ya yini yana kewaya wuri ɗaya kamar akuya a turke. Akwele ta yi dariya har ta ƙware.

Suka sayi soyayyar doya da yaji, ta gutsura wa Akoko nata. Suka kalli wani ƙaton mutum da ya matsa sai ya hau ramammen dokin nan, dokin ya tsaya cik ya ƙi motsi, mai shi yana turawa ta baya, matar mutumin tana cewa a sauke mata miji kafin a ce ta biya doki. Iskar teku na shigar Akwele ta ko'ina, ƙafafunta da suka saba tsayuwar yini sun samu hutu. Rabon da wani ya saya mata abinci ta zauna ta ci ba ita ta dafa ba har ta manta. Daɗi ta ji, irin wanda mutum ke ji ya rasa wa zai gaya wa.

Rana ta karkata, inuwar kwakwa ta zame daga tsakiyar benci, haske ya sauka a kan Akoko. Fo Senyo bai dubi wurin ba, amma ya gyara zama har inuwarsa ta rufe ta. Can kuma, idonsa na kan ruwa, ya yi irin raɗar nan tasa.

"Daga nan tana hangen jiragen kuwa? Ko wurin ya yi mata ƙasa?"

Akwele ta ji wani sanyi ya ratsa ta.

"Ta ce tana gani. Ta ce amma jan jirgin nan bai yi mata kama da mai shinkafa ba."

"Ke! Ki gaya mata a ruwan nan na yi furfura!"

"Ta ce furfura ba ta leƙa cikin jirgi."

"To ki ce mata gobe ta zo ƙofar tasha ta ga buhunan da idonta."

"Ai kullum tana can, Fo. Kai ne ba ka gaishe ta."

Ya sosa ƙeya ya yi murmushi. Da a ce Lahadin ta ƙare a nan, da kowa ya koma gida da farin ciki. Amma Lome ƙaramin gari ne ga mai neman ɓuya.

Daga bayan masu suya sai ga ayarin mata cikin anko fari da shuɗi, masu waƙar cocin su Fo Senyo, sun fito daga wani biki sun biyo ɗaukar hoto. A gabansu Da Mawusi ce, shugabarsu, mace mai faɗin kafaɗa wadda labari bai taɓa kwana a bakinta ba. Akwele ta ga lokacin da Fo Senyo ya hango su. Ta ga wuyansa ya sandare. Kafin ta ƙifta ido hannunsa ya riga hankalinsa, ya cire malafa ya kifa a kan Akoko.

"A'a! Fo Senyo!" in ji Da Mawusi tun daga nesa. "Ashe nan ne asibitin da ka ce za ka duba mara lafiya, har ka bar taron dattawa?"

"Da Mawusi, ai iska ma magani ce."

"Magani ce mana, ga shi har ka warke. Wannan ba mai waken ƙofar tasha ba ce? Sannu, Da Akwele. Shi ya sa dattijonmu yake ta sheƙi."

"Sannunku da waƙa," in ji Akwele.

Idon Da Mawusi ya zagaya benci kamar na mai awo. "Kwakwa uku, mutum biyu. Fo, ƙishirwar ce haka?"

"Zafi ake yi."

"Zafin ne ya sa ka tuɓe malafa ka sa wa benci? Ka bar sanƙonka a rana?"

Matan suka fashe da dariya. Fo Senyo ma ya yi 'yar tasa, ta yaƙe, hannunsa na dafe da malafar kamar iska za ta ɗauke. Suka ƙara tsokanarsa kaɗan, sannan suka wuce wajen tsohuwar gadar ƙarfen nan da ta ruɓe a cikin ruwa, inda kowa ke son a ɗauke shi hoto.

Akwele ta jira sai da suka yi nisa. Ta zare malafar daga ƙarƙashin hannunsa da yatsu biyu, ta miƙa masa. Ɗankwalin Akoko ya karkace, ta gyara mata. Ta naɗe ta a ƙugu, ta ɗauki jaka.

"Da Akwele, tsaya ki ji."

"Na ji, Fo. Na gode da kwakwa."

Ta bi ta tsakanin masu lilo har ƙarshen lambun, inda gajeriyar katanga ta raba shi da yashi. Nan ta tsaya. A ƙasa masunta na jan taru, sun yi layi a jikin igiya suna waƙa, masu shan iska ma sun tuɓe takalma sun kama musu don a samu na miya. Ba fushi take yi ba, da fushi ne da sauƙi. Takaici ne ya cika ta, don ta riga ta fara shirya zama da mutumin nan a ranta, har ta san inda za ta rataya tukwanenta. Malafa ta fi adaka sauƙi, amma duhun cikinsu ɗaya ne, kuma wanda ya kifa malafa yau saboda mata masu waƙa, gobe in Fasto ya zo gaisuwa adaka zai nema. Ta share ido da bakin ɗankwali ta ce ai iskar teku ce.

"Kin gani ko, Yaya?" ta ce. "Da ma sai da na gaya miki kada ki saki jiki."

Ta yanke shawara gobe in ya zo za ta zuba masa wakensa kamar kowa, ta ƙara masa manja ma, don kada ya ce gaba take yi da shi. Za ta kalli taru ya fito, sannan ta nemi acaba.

Taru bai kai ga fitowa ba ta jiyo muryar. Wannan murya ba ta ɓuya ko a tsakiyar kasuwa.

"Ku dai zo! Hoton ba zai gudu ba, gadar nan ta girme mu duka! Da Mawusi, ki zo na ce!"

Ta waiwaya. Fo Senyo ne tafe, malafa a hannu, sanƙo na ƙyalli, farar rigar nan ta jiƙe da gumi, yashi ya cika masa takalmi. Da Mawusi na biye da shi tana mita, sauran matan kuma na biye da ita, don ba a barin irin wannan kallo. Ya iso yana haki.

"Da Mawusi, ɗazu kin gaida mutum ɗaya, alhali su biyu ne. Laifina ne, ni na hana." Ya juyo. "Da Akwele, don Allah fito da ita."

Akwele ta dafe ƙugunta. "Ta ce ta sha malafa ta ƙoshi."

"Ta yi gaskiya. Ki fito da ita dai, ga malafar a hannuna, in kin ga ta motsa ki jefa ta teku."

Ta dube shi. Tsoro na nan a idonsa bai tafi ko'ina ba, amma ga shi tsaye. Ta kwance zane a hankali, ta zaunar da Akoko a kan katanga, rigarsu iri ɗaya, iska na kaɗa mata ɗan ɗankwalinta.

"Ga Da Akoko," in ji Fo Senyo, yadda har masunta sai da suka ɗago kai. "Yayar Da Akwele. Kwakwa ta uku tata ce."

Da Mawusi ta dafe ƙirji. "Fo Senyo! Kai fa dattijon coci ne!"

"Na sani. Ni nake buɗe miki ƙofa kowace Lahadi, kina zuwa a makare."

"Icce, Fo? Da girmanka?"

"Ni addu'ata ba ta sauya ba, wanda nake roƙo jiya Shi nake roƙo yau. Amma mutum ba ya neman aure a gida ya kifa wa babbar gidan malafa. Wannan rashin tarbiyya ne, ko a wane coci."

Daga bayan ayarin wata tsohuwa ta ratso, wadda ta fi kowa daɗewa a cikin masu waƙar, muryarta ta ƙare amma ba mai iya sallamarta. Ta kwance ƙullin bakin zanenta, ta zuba 'yar gyaɗa a gaban Akoko, ta ɗan rusuna.

"Sannu da itace, 'yar biyu," ta ce. "Nawa ma suna gida, maza ne. A bayan kalandar coci suke zaune, tun ba a haifi Mawusi ba."

Wata ta toshe baki, wata ta kasa, dariya ta ɓarke. Biyu daga cikinsu suka matso suka gaida Akoko a gurguje, suna satar kallon shugabarsu.

"Ni dai ban ga komai ba," in ji Da Mawusi, tana gyara ɗaurin zane. "Amma Fasto zai ji."

"Ba kin ce ba ki ga komai ba?" in ji tsohuwar.

"Gani daban, ji daban."

"In ya karɓi makulli ya karɓa," in ji Fo Senyo. "Na huta da sammako." Amma Akwele ta ga yadda ya taɓa aljihun da makullin yake, ta san ba ƙaramin abu ya ajiye a kan katangar nan ba.

Da Mawusi ta ce su tafi, sai dai ko ita ba ta ɗaga ƙafa ba. Fo Senyo ya gyara wuyan riga, ya riƙe malafa da hannu biyu a ƙirji, ya sunkuya a gaban Akoko kamar yadda ake yi a gaban surukai.

"Da Akoko, na yi miki rashin kunya ɗazu, ki yi haƙuri. Tsufa bai raba ni da tsoron bakin mata ba. Ba ku da uwa ba ku da uba a raye, ke ce babba, wurinki ya kamata in fara zuwa tun farko, na tsaya cin wake. Ƙanwarki nake so. Ba ni da wani abin kirki, gida ne ɗaki biyu da kunne ɗaya. Amma akwai kanta a jikin tagar falo, rediyo ke kai, daga nan ana hangen jirage sosai. Zan sauke rediyon." Sannan ya ƙara da cewa, "Jan jirgin nan kuma shinkafa ce."

Ya ɗago ya dubi Akwele. "Me ta ce?"

Akwele ta buɗe baki, "Akoko ta ce" na kan harshenta kamar kullum, sai ta tarar babu komai a bayansa. Tun suna yara Akoko ba ta taɓa rasa ta cewa ba. Ita ta ce wa malamin makaranta ba a son duka, ita ta yi ta ƙorafi daga cikin adaka, ita ke korar masu surutu daga rumfa. Duk abin da ya yi wa Akwele nauyi a baki, Akoko ke ɗauka. Yau kuwa ga ta zaune a kan katanga, a fili, gyaɗa a gabanta, sumul ɗin fuskarta na kallon teku, ta samu abin da aka yi mata alkawari, ba ta da sauran magana. Abin da ya rage ba nata ba ne.

"Ba ta ce komai ba, Fo," in ji Akwele a hankali.

Fuskarsa ta faɗi. Ya juya malafar a hannu.

"Ni ce zan ce. Ka turo mutanenka."

Ya karkato da kunnen mai lafiya. "Na'am?"

Ta dubi matan coci, ta dubi masunta da suka saki igiya suna kallo, kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige. Sai ta cika ƙirji da iskar teku, ta fito da muryar da take kiran masu dako da ita.

"Na ce ka turo su! Ni Akwele na ce!"

Tsohuwar nan ta rangaɗa guɗa da ragowar muryarta, masunta suka amsa daga ƙasa, wani ya ce a ba dattijo kifi. Da Mawusi ta yi gaba tana cewa ita ba ta ji komai ba, matanta na bin ta suna waiwaye. Fo Senyo ya rasa inda zai sa malafarsa, ya ɗora a ka, ya cire, daga ƙarshe ya ajiye ta a kan katanga, nesa da Akoko.

Bencinsu wasu sun riga sun kama, don haka suka zauna nan kan katanga, Akoko a tsakiya, suka kalli taru yana fitowa, ƙananan kifaye na tsalle a kan yashi. Can sai ga mai ƙanƙara a keke yana matsa ƙahonsa. Tun kafin Akwele ta buɗe baki, Fo Senyo ya ɗaga masa yatsu uku.